Kular mai jego babu nama: sharhi kan abincin da nake saye daga Samaru

Akwai wata baiwar Allah a Samaru, nan Zariya, da ke girki a gidanta tana aika wa mutane a kula. Yawancin masu sayen abincinta ma'aikatan jami'a ne da ɗalibai, amma ta ware wani tsari na masu jego, a cikinsa kuma akwai zaɓin abincin tsirrai zalla: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. Shi na ci tun daga bayan suna har na wuce arba'in, kuma har yau ban yanke ciniki da ita ba. Ba zan kama sunanta ba, don maganar tawa akwai yabo akwai ƙorafi, ba na kuma son in taɓa wa mace sana'arta. In ta tsaya a kan abincinmu na gida, hannunta ba na wasa ba ne. In ta shiga kwaikwayon nama, ko ta fara ba da shawarar da ta likita ce, nan muke raba hanya.

Na bar cin nama da duk abin da ya fito daga jikin dabba tun ina karatu a Kongo, ɗaya daga cikin harabobin Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya. Halal ne, ban ce komai a kai ba, ban kuma taɓa hana maigida tsirensa ba. Jikina ne ya fi sakewa a haka, na saba, shi ke nan. Lokacin ciki ban sha wahala ba tunda ni ke shiga kicin ɗina. Jego ne ya kawo magana, domin a wurinmu jego da nama tare suke tafiya: ƙauri, farfesun kaza, kayan ciki, ga naman ragon suna da ake soyawa a ajiye wa mai jego tana ci da yaji. Gwaggona da ta zo yi mini wanka ta iya duk waɗannan, da na ce mata ba na ci sai ta saki baki. "Ke 'yar nan, mai jego da ganye? Akuya ce ke? Ruwan nonon daga ina zai zo?" Ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata, sai dai duk miyar da ta ɗora sai ta jefa ƙashi, wai don ɗanɗano kawai. Ni kuma ga ɗinki, ga rashin barci, tsayuwa a gaban murhu ta fi ƙarfina. Maigida ne ya jiyo labarin matar a wurin aikinsu.

Tsarin ba shi da wuya. Kuɗin mako ake tura mata ta waya, ita kuma ta turo jerin abin da za ta dafa a WhatsApp, ki cire wanda ba kya so. Sau ɗaya ake kawowa a rana, filas na kunu da kula mai hawa uku. Wani mai keke ne ke kawowa, ya karɓi ta jiya ya wuce.

Faten ne ya fara saye ni. Mu Zage-zagi an daɗe ana mana tsiya da fate, ni dai tsiyar ba ta taɓa ɓata mini rai ba, kuma na san mai kyau in na gani. Nata na tsakin masara ne, bai yi ruwa tsululu ba, bai kuma daskare ba. In kin ɗaga murfin, ƙamshin daddawa da lawashi ne ke fara dukan hancinki. Waken ya dahu har ya fara fashewa, yakuwa ta ba shi ɗan tsami, ga gauta an yanka ƙanana, ɗacinta daidai. Abin da ya raba shi da na kowa gyaɗa ce. Tana soya ta sama-sama, ta daka ba ta yi laushi ba, sai dab da saukewa take zubawa, don haka kina ci kina jin ta a haƙori. Na tambaye ta ko tana sa magi mai ɗanɗanon kaza, ta ce a'a, a tukunyar masu jego irina daddawar kalwa ce da gishiri da kayan ƙamshi. Gwaggo ta ɗanɗana cokali guda a tsaye, sai ta jawo kujera ta zauna. Ba ta ce uffan ba, amma daga ranar ita ke fara leƙa waje in ta ji ƙarar keke.

Wannan haɗi na hatsi da wake da gyaɗa shi ne ke riƙe mai shayarwar da ba ta cin nama. Furotin ɗin masara da gero da dawa yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wake kuma yana da shi sosai, abin da wake ya gaza a kai kuma hatsi ya cike. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, gyaɗa ma haka, waken suya kuwa ya kai kashi 35 cikin 100 har ya haura. Abin da ke ba ni mamaki, a garin da cibiyar binciken aikin gona ta IAR take, wadda aka kafa a Samaru tun 1922, wadda kuma ta fitar wa manoman Arewa irin wake na SAMPEA da gyaɗar SAMNUT, har yanzu wanda aka gani yana cin wake ana ɗauka nama ne bai samu ba.

Awararta ita ke yi da kanta, da ruwan tsami take haɗa ta, ba ta da warin nan na waken suya da ke hawa wa mutum kai. Abin da ya fi burge ni shi ne farfesun da take yi da ita. Tana soya awarar kaɗan don kada ta farfashe, ta jefa a romon attaruhu da albasa da citta, kanumfari, masoro da kimba, wato dai kayan yajin jego sak. Rabin abin da mai jego ke nema a farfesu romon ne mai zafi da yajin da zai ratsa ta har ta yi gumi, wannan kuwa na same shi. Ranar Juma'a waina ce da miyar taushe, kabewa da alayyafo da gyaɗa, kaurinta ya isa ba a neman tantaƙwashi. Dambun zogale da kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli ma ba laifi. Ɗan wake ne ba ya jure tafiya. Kafin ya iso ya huce ya yi tauri, in an ɗumama kuma ya saki jiki. Na cire shi daga jerina.

Kunun gyaɗarta da tsamiya take yi, maimakon madara da sukari sai ta sa mazarƙwaila, irin wadda ake kawowa daga wajen Maƙarfi. Wata rana kunun gero ne da riɗi da hulba. Mata na cewa hulba na kawo ruwan nono, ni dai abin da malamar asibiti ta nanata mini shi ne yawan ɗora yarinya a nono dare da rana shi ke kawo ruwa, sai kuma uwa ta ci ta ƙoshi ta sha ruwa. Kunun kanwa yana cikin jerin tun asali, na ce a cire mini. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na nan Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa a yankin nan da shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa cike take da sodiyam, ni kuma jinina ya ɗan hau a ƙarshen ciki, likita ya ce in yi hankali da gishiri. Ba ta yi gardama ba, ta musanya mini da kunun tsamiya. Gwaggo ce dai ta yi ta mita.

Yanzu ƙorafi. Akwai busasshen abin nan na leda da ake yi da waken suya don ya yi kama da nama, ana jiƙa shi a ruwan zafi ya kumbura. Tana alfahari da shi ƙwarai, tana sa shi a jalof da miyar dage-dage, har da wani abu da ta kira tsire. Bai yi mini ba ko kaɗan. Yana tsotse mai, kina tauna shi ba ya ƙarewa, ɗanɗanon kuma yana tsayawa a bayansa bai shiga ciki ba. Wanda ya bar nama bai cika kewar siffarsa ba, wanda kuma yake ci ba zai ruɗu ba, to wa aka yi wa? Ga shi ranar da aka sa shi waken da ke cikin abincin raguwa yake yi. Mai ma tana da sakin hannu da shi, kamar tana tsoron a ce abincin da ba nama bai da armashi. Sai da na yi magana fiye da sau ɗaya kafin man ya daina taruwa a gindin kula.

Sai latti. Daga Samaru zuwa Tudun Jukun tafiya ce, sai an bi Palladan, a wuce Kwangila, a ratsa cunkoson PZ, mai keken kuma yana da wasu gidajen da yake tsayawa. An ce kafin azahar, amma ranar da aka yi ruwa sai dab da la'asar. Ma'aikacin ofis zai iya haƙuri da biskit. Mai shayarwa in yunwa ta taso mata har hannunta rawa yake yi. Yawan abincin ma an auna shi ne da cikin mai zaman ofis. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kusan kalori 500 a rana a watanni 6 na farko, watannin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla. Kula ɗaya ba ta kai ni dare. Dole na ajiye dabino da soyayyiyar gyaɗa da aya da kantun riɗi a gefen gado, in na tashi shayarwa da tsakar dare in riƙa ɗan taɓawa.

Babban saɓaninmu kuwa a kan bitamin B12 ne. Wata rana na ce mata kunun ya iso a makare har na sha ƙwayata da ruwa, sai ta turo mini saƙon murya mai tsawo. "Haba ƙanwata, wace ƙwaya kuma? Ai zogale da daddawa babu abin da babu a cikinsu. Ki ajiye magungunan nan, abincina ya ishe ki." Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, amma maganar ba daidai ba ce, kuma tana da haɗari. Zogale yana da amfaninsa, kuka da riɗi suna ba da kalsiyam, wake da ganye suna ba da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. B12 kuwa ba a dogara da tsirrai a same shi. Daga nama, kifi, ƙwai da madara yake zuwa, ko daga ƙwaya, ko abincin da kamfani ya ƙara masa shi. Mai shayarwa tana buƙatar maikrogiram 2.8 a rana. Adadin ƙanƙane ne, kuma hantar babba tana iya ajiye na shekaru, shi ya sa uwa za ta iya jin garau alhali nononta ya yi ƙaranci. Jariri ba shi da irin wannan ajiya in uwarsa ba ta ba shi ba tun yana ciki. Ƙarancin yana sa shi kasala, ya ƙi kama nono, ya ƙi ƙiba, jini ya yi masa ƙasa, in abin ya daɗe ya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ƙwayar ba ta da tsada, ana samunta a kemis, likita ne ya rubuta mini tun ina zuwa awo. Kada kuma a ɗauka kowane maganin ƙarin jini da ake bayarwa a awo yana ɗauke da shi, a duba jikin kwalin ko a tambaya. Na mayar mata da amsa cikin ladabi: "Anti, girki naki ne, ban ja da ke ba. Amma don Allah kada ki sake gaya wa wata mai jego ta bar ƙwayar nan." Ta ce to. Ina fata ta riƙe, don macen da abincinta ya yi wa mutum daɗi, maganarta ma saurin shiga take yi.

A wani ɓangaren kuma ta san abin da take yi. Kusan kowace kula da yankakken lemun tsami a hawan sama, wani lokaci gwaiba ko lemun zaƙi. Sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye bai kai na nama saurin shiga jiki ba, bitamin C ne ke taimaka masa, shayi kuma yana tare shi. Don haka nake matsa lemun a kan fate, shayin kuma in bari sai abinci ya faɗa. Duk zuwanmu rigakafi ana ɗora yarinya a sikeli, nauyinta na tafiya yadda ake so, Alhamdulillahi. Gwaggo ta koma gida tana cewa ikon Allah ne, ni ma ban musa mata ba.

Kuɗin ba na kowa ba ne, gaskiya. Na mako guda ya tasam ma kuɗin kajin gida biyu masu kyau a kasuwar Sabon Gari, kuma wani kaso mai tsoka na mai keke ne, ba na abinci ba. Wadda ke zaune a Samaru, Palladan ko Hanwa za ta fi ni cin riba, abinci ya zo mata da zafi kuma da araha. Wadda ke cikin birni ko Gyallesu, kuma tana da mai dafa mata a gida da za ta yarda ta bar ƙashi a gefe, ba lallai ta buƙaci wannan ba, domin kusan duk abin da ke cikin kular ana iya haɗa shi da kayan da ke kasuwar Tudun Wada.

Mai son gwadawa ta fara da mako ɗaya, ta kuma faɗi sharuɗɗanta tun ranar farko: a rage mai, a ƙara wake, a cire naman leda, a tambaye ta kafin a sa kanwa. Ni yanzu na koma girkina, sai dai ranar da yarinya ta hana ni barci nakan yi odar fate, ranar Juma'a kuma waina da taushe. Ɗanyar awara ma a wurinta nake saye, in yanka in sa a firij, in NEPA ta yi halinta in soye ta gaba ɗaya kafin ta yi tsami.