Shekara biyu da motar lantarki 'yar Kwatano

Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, sai na sayar da tsohuwar motata na cika kuɗi na sayo ta lantarki, ta hannu. Ƙirar farko-farko ce ta wani kamfani da bai daɗe da fara ƙera motoci ba.

Injinta da babban batirinta ba su taɓa ba ni kunya ba. Babu juyen baƙin mai, babu sauya fulogi. Burki ma yana daɗewa, domin da ka ɗage ƙafa daga totur injin ne ke rage gudu, yana mayar da wutar cikin batir.

Ƙananan abubuwa ne suka hana ni sakat. Wata asuba zan kai Hajiyarmu asibiti, na bar motar da caji kusan cike, amma ko ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ashe akwai wani ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, shi ke tayar da kwamfutar, ita kuma ta haɗa babban batirin da injin. In ya mutu, komai ya mutu. A adaidaita sahu muka tafi, Hajiya tana cewa, "Ɗan nan, ka rabu da motar da sai ta ga dama." Har yau abin yana cina.

Sai mariƙin ƙofa, wanda ke shigewa jikin motar, ya fito in ka matso. Ƙurar hunturu ta kashe guda biyu. Allon gaba kuwa, a zafin Afrilu yakan ɗauke ana cikin tafiya, alhali ta nan ake kunna na'urar sanyi. Ina ganin kamfanin ya zuba basirarsa a batir, ya bar abin da tsofaffin kamfanoni suka ƙware a kai tun tuni.

Na zaga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran motoci ta Kano, shago-shago ban samu mariƙin ba, sai daga waje aka aiko, bayan mako bakwai. Bakanikena ya faɗa mini gaskiya: "Alhaji, wayoyin nan masu ruwan lemo ba zan taɓa su ba." Ya kuma yi daidai, wayoyin babban batirin ne, wutar da ke cikinsu tana kisa.

Ban sayar da ita ba, tana yi mini zirga-zirgar cikin Kano. Kaduna dai motar haya nake bi.