Sharhi kan bugun aljihu na Of Mice and Men: leburorin gandu da gonar dala 600

Littafin Of Mice and Men na John Steinbeck, wanda aka fara bugawa a Amurka a shekarar 1937, yana cikin littattafan da mai saye zai iya rainawa idan ya gan su a kan kanta, domin bugun aljihunsa bai wuce shafi ɗari da 'yan kai ba, an kasa shi kashi shida kacal, kuma wanda ya saba karatun Turanci zai iya gama shi a zama biyu. A ganina kuɗin da aka sa a kansa ba su tafi a banza ba, sai dai akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani kafin ya zaɓi bugun da zai ɗauka.

Steinbeck haifaffen garin Salinas ne a jihar Kalifoniya, an haife shi a 1902, kuma a ƙuruciyarsa ya yi leburanci a gandayen kamfanin sukari na Spreckels, saboda haka mutanen da ya rubuta a kansu ya ci abinci tare da irinsu. Labarin ya faru ne a wani gandu kusa da garin Soledad, a zamanin karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, lokacin da maza marasa gida da iyali suke yawo daga gandu zuwa gandu da ƙunshin barguna a kafaɗa. George Milton, ɗan ƙaramin mutum mai kaifin basira, da Lennie Small, ƙaton namiji mai tunanin ƙaramin yaro, sun gudo daga garin Weed bayan wata rigima, suka samu aikin loda buhunan sha'ir a kan dala 50 a wata. Duk wanda ya san rayuwar 'yan ci-rani zai gane yanayin tun daga shafukan farko.

Marubucin ba ya tsayawa yana shelanta cewa ana wulaƙanta ma'aikata, ɗakin kwanansu kawai yake nuna wa mai karatu. Gadaje takwas ne jere da bango, katifunsu na buhu cike da busasshiyar ciyawa, kuma a saman kowane gado an kafa akwatin tuffa da ƙusa ya zama kanta, inda mutum yake ajiye duk abin da ya mallaka a duniya: sabulu, reza, kwalbar magani da tsohuwar mujalla. George yana isowa ya tarar da gwangwanin maganin ƙwarƙwata a kantar gadon da aka ba shi, ya tayar da jijiyar wuya, amma a kan gadon ya kwana, domin ba shi da wani zaɓi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda burin waɗannan mutane yake da farashi. Ba fada suke nema ba, 'yar gona ce mai eka goma da George ya san masu ita za su sayar a kan dala 600, wadda za a yi kiwon kaji da saniya da zomayen da Lennie yake mafarkin ba su ciyawa. Da farko hira ce kawai da George yake maimaita wa Lennie don ya kwantar masa da hankali, har sai da tsoho Candy, mai sharar ɗaki wanda ya rasa hannu ɗaya a bakin aiki a gandun, ya ji zancen ya ce zai sa dala 350, wanda 250 daga ciki diyyar hannun nasa ce. Nan take suka yi lissafi suka ga cewa a ƙarshen wata za su haɗa dala 450, kuma mai yiwuwa a karɓa a bi su sauran. Da burin ya yi nisa da su, da mai karatu bai damu sosai ba. Kusancinsa ne yake sa zuciya ta tsinke. Candy kuwa yana da dalilin gaggawa, domin ba da daɗewa ba ya ga an ja tsohon karensa waje an harbe shi saboda ya tsufa yana wari, ya kuma fahimci cewa ranar da ya kasa riƙe tsintsiya shi ma korarsa za a yi.

Kashi na huɗu shi kaɗai ya isa dalilin sayen littafin. Crooks, mai kula da dawaki, shi ne baƙar fata ɗaya tilo a gandun, doki ya taɓa harbinsa ya karkata masa baya, kuma ba a yarda ya shiga ɗakin sauran leburori ko ya yi karta da su ba. Yana kwana a ɗakin ajiye kayan dawaki da ke jikin barga, tare da 'yan littattafansa, ciki har da tsohon kundin dokokin Kalifoniya na 1905. A daren Asabar, bayan sauran sun tafi gari, Lennie ya faɗo ɗakinsa don ya ga haske. Maimakon Crooks ya yi murna da baƙo, sai ya shiga tsokanarsa da cewa wataƙila George ba zai dawo ba, yana jin daɗin ganin tsoro a fuskar wanda ya fi shi rauni, kafin daga baya ya bayyana cewa kaɗaicin da yake kwatantawa nasa ne. Da Candy ya shigo aka sake zancen gona, sai zuciyar Crooks ta yi laushi har ya nemi a tafi da shi ya yi aiki ba albashi, a ba shi abinci kawai. Matar Curley, ɗan mai gandun, ta shigo, Crooks ya yi ƙarfin halin cewa ta fita masa daga ɗaki, ita kuma ta tuna masa cewa da kalma ɗaya za ta sa a rataye shi a bishiya. Daga nan ya janye maganarsa ta zuwa gona. Mutum huɗu ne a ɗakin, kowannensu an taka shi, amma ba su haɗa kai ba, kowa yana neman na ƙasa da shi ya sauke masa ɓacin ransa. Ban san wani ɗan gajeren littafi da ya nuna wannan hali da irin wannan gaskiya ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne matar Curley, mace ɗaya tilo a gandun, wadda ko suna ba a ba ta ba. Kusan duk abin da muka ji game da ita daga bakin mazan da suke zaginta ne, kuma sai dab da ƙarshe aka bar ta ta faɗi nata burin na zama 'yar fim a Hollywood, da wasiƙar da wani ya yi mata alkawari ba ta taɓa zuwa ba. Kaɗaicinta bai gaza na Crooks ba, amma an jinkirta ba ta baki har mai karatu da yawa ya riga ya yanke mata hukunci.

Game da kayan da za a saya kuwa, Turancin hirar littafin na leburorin wancan zamani ne, ana haɗiye haruffa, ana amfani da kalmomin aikin gandu da ba a koyarwa a makaranta, kuma bugun aljihu mai arha yawanci ba ya zuwa da wani bayani. Wanda Turancinsa na aji ne zai sha wuya a shafuka goma na farko. Na fi ba da shawarar bugun Penguin mai gabatarwar Susan Shillinglaw, domin tana shimfiɗa tarihin marubucin da zamaninsa, ko kuma a haɗa da na saurare wanda Gary Sinise ya karanta, shi ne ya fito a matsayin George a fim ɗin 1992, domin jin maganar da kunne yana warware abin da ido ya kasa. Iyaye da malamai su sani cewa akwai ashar da kalmar cin mutuncin baƙar fata a bakin 'yan gandun, abin da ya sa aka sha neman cire littafin daga makarantun Amurka, saboda haka ya fi dacewa da 'yan babbar sakandare zuwa sama, kuma gara a karanta shi da malami a kusa.