Pride of Ringwood ko Magnum, wanne za ka zuba a tukunya?

Ɗan uwa na ga tambayarka tun jiya, kace ka shiga shagon kayan haɗa giya a can Adelaide ta Ostireliya ka tarar da hof ɗin Pride of Ringwood da araha, amma duk wanda ka tambaya cikin masu dafawa a gida sai ya yatsina fuska yace ka rabu da shi ka ɗauki Magnum, kai kuma abinda kake son dafawa giya ce irin Sparkling Ale ta kamfanin Coopers sannan daga baya ka gwada laga, wato giyar da ake tsimawa cikin sanyi. Toh bari in ajiye maka su gefe da gefe, zan saka Super Pride a tsakani don shima yana kan kantar kuma mutane na rikita su.

Ga waɗanda basu saba ba, hof shine furen da ake jefawa cikin ruwan malt, wato tsiron sha'ir, yana tafasa, shi ke kawo ɗaci da ƙamshi. Wani don ƙamshi ake nomansa wani don ɗaci, duka ukun nan na ɗaci ne.

Pride of Ringwood ɗan Ostireliya ne. Kamfanin giya na Carlton & United ne ya haɗa irin a 1953 ta hannun Bill Nash, daga wani irin Ingila mai suna Pride of Kent, sunan kuma daga unguwar Ringwood ne a gabashin Melbon inda kamfanin yake da gonar gwaji. Lokacin da ya fito babu hof ɗin da ya kai shi alfa asid a duniya, wato sinadarin da ke rikiɗa ya zama ɗaci in an tafasa, har akwai lokacin da kusan kashi 90 na hof ɗin da ake nomawa a Ostireliya shi ne. Yau alfa ɗinsa na kaiwa 9 zuwa 10 da ɗoriya cikin ɗari, wanda yanzu ba wani abin azo a gani bane, an daɗe da wuce shi. Magnum kuwa ɗan Jamus ne daga cibiyar bincike ta Hüll a yankin Hallertau, alfa ɗinsa yakan kama daga 11 har 16. Super Pride jinin Pride of Ringwood ne, an haɗa shi a 1987 a gonar Rostrevor ta jihar Victoria aka sake shi a 1995, baya yin ƙwaya a cikin furen, alfa wajen 13 zuwa 15.

A aikace ga abinda wannan ke nufi, in lita 23 kake dafawa mai matsakaicin ƙarfi kana neman IBU 25, wato ma'aunin ɗacin giya, da tafasar minti 60, Pride zai ci maka wajen giram 25, Magnum mai alfa 13 wajen giram 18, Super Pride 17. Kaga bambancin kuɗi ba wani abu bane, kar araha ta ja ka, ba a nan gizo ke saƙa ba.

Inda suka rabu shine a baki. Ɗacin Magnum mai tsabta ne, yana zuwa ya yi aikinsa ya wuce, baya barin sunansa a kofi, shi yasa masu dafawa ke ƙaunarsa don zaka iya ɗora duk ƙamshin da kake so a kansa, na hof ɗin Saaz ne ko Cascade ko Galaxy, bazai yi musu katsalandan ba. Pride ba haka yake ba sam, ko a farkon tafasa ka zuba shi, minti 60 cur, sai ka ji shi a ƙarshe, wani ɗanɗano na ƙasa-ƙasa da itace da ganye, ɗacin kuma yana ɗan kama bayan harshe ya zauna. Masu sonsa wannan zaman ne suke so, suce shine ɗanɗanon giyar Ostireliya, masu ƙinsa kuma shi ɗin dai suke zagi, suce kaushi ne da datti. Abu ɗaya suke ji dukansu, fassarar ce ta bambanta. Super Pride ya fi Pride laushi, yana da ɗan kamanninsa amma an rage masa murya.

Wasu zasu kawo maka maganar kohumulon, wani ɓangare ne na alfa asid, a Pride yana kai kashi 32 zuwa 39, a Magnum ashirin da wani abu. Tun shekarun 1970 ake cewa yawansa ke sa ɗaci ya yi kaushi, daga baya gwaje-gwajen ɗanɗano suka sa shakku a kan maganar. Ni dai ban ɗora laifin a kansa ba, akwai hof masu kohumulon da yawa da kowa ke yabo.

Abinda nake ganin ya ɓata wa Pride suna guda biyu ne kuma na farkon ba laifinsa bane. Shekara da shekaru shi ne ɗacin manyan giyoyin kasuwa irin su Victoria Bitter da Carlton Draught da Foster's, to yawancin wanda ya fara dafawa a gida gudun wannan ɗanɗanon ne ya kawo shi, yana jin ƙamshin Pride sai ya tuna abinda ya baro. Alhali ɗanɗanon waɗancan giyoyin ba hof kaɗai ke yinsa ba, akwai sukarin rake da ake ƙarawa, akwai irin yis ɗin da yanayin da ake tsima shi, sannan manyan kamfanoni sau da yawa tataccen ruwan hof suke zubawa ba furen ba. Ƙari a kan haka tun da gwamnatin Gough Whitlam ta sassauta dokar dafa giya a gida a 1973, hanyar da akasarin mutane ke farawa ita ce gwangwanin malt da aka riga aka sa wa ɗaci, a juye kilo guda na farin sukari, a ajiye bokiti a gareji cikin zafin Janairu, da yake a Ostireliya lokacin zafi ne, abinda zai fito kuwa sai dai a sha don kar a yi asara. Mutum ya sha wannan sau biyu uku sai ya riƙe a ransa cewa haka hof ɗin ƙasar yake.

Amma fa in ɓera da sata daddawa ma da wari. Laifinsa na gaske shine baya ajiyuwa. In ka bar shi a ɗaki mai zafin digiri 20, cikin wata shida kusan rabin alfa ɗinsa ya tafi, Magnum a wannan yanayin yana riƙe kashi 80 ko fiye. Kuma ba raguwar ɗaci kaɗai bace matsalar, in iska ta shige shi warinsa na juyawa. Ka yanka fakitin ka zuba 'yan ƙwayoyin hof ɗin da aka matse a tafin hannu ka murza da babban yatsa har su ɗan yi ɗumi su fashe, sabo zaka ganshi kore shar, yana ɗan manne maka a fata, ƙamshin ganye da itace harda ɗan na 'ya'yan itace a can ƙasa. Wanda ya tsufa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ko rawaya, ya bushe yana zuba kamar gari, warin kuma na tsohuwar safa ne ko cuku da ya lalace, in ka ji wannan kar ma ka tsaya lissafi, kwandon shara. Da yake shi hof ne mai araha da ba'a rububinsa, shi ne yafi daɗewa a kan kanta, wani shagon ma sai su sayo babban buhu su ƙulla a ƙananan ledoji marasa matsewa su ajiye a firji maimakon firiza. Ina da yaƙinin da yawa cikin masu zaginsa tsoho suka dafa, basu taɓa jin sabo ba. A Tasmaniya da Victoria cikin watan Maris ake girbi, don haka ka duba shekarar girbin a jikin fakiti, in babu shekara a rubuce ka tambayi mai shago, in ya fara kame-kame ka ajiye masa kayansa.

Sai kuma yadda ake zuba shi. Nan masu dafawa sun kasu, mafi yawa sunce sau ɗaya tak a farkon tafasar minti 60 kuma kar ɗacin ya wuce IBU 25 zuwa 30, don daga nan kaushin ke fitowa fili. Akwai 'yan tsiraru da ke zuba sabon fure a minti goma na ƙarshe suna rantsuwa yana bada ƙamshi mai daɗi, ban ƙaryata su ba amma sharaɗin shine sabo fil, da ƙwayoyin da suka kwana biyu kar ka gwada. Magnum baya buƙatar wannan lallashin, ka kai shi IBU 50 ko 60 a giya mai nauyi lafiya lau, zuba shi a ƙarshe ne dai ɓarnar kuɗi tunda ƙamshinsa kaɗan ne.

Toh ga tukunyarka ta farko, irin Coopers, Pride zaka saya babu wani zagaye-zagaye. Gidan Coopers da ke garinku tun 1862 da shi suke ɗaci, kuma ko masu zagin Pride da yawansu suna shan Sparkling Ale suna lashe baki basu san shi suke sha ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka matsalar ba a jinin hof ɗin take ba. In ka sa Magnum zaka samu giya mai kyau amma ba waccan ba, zaka ji kamar an cire wani abu daga tsakiya. Sai dai rabin sirrin a yis yake, giyarsu a cikin kwalba take ƙarasa tsimuwa shi yasa kake ganin laka a ƙasa, mutane kan sayi kwalaben Pale Ale ɗinsu mai barasa kashi 4.5, don yis ɗin bai wahala kamar na Sparkling mai 5.8 ba, su tsiyaye giyar a hankali su tara lakar kwalba huɗu zuwa shida a ruwan malt da aka tafasa ya huce, su bari kwana biyu uku har ya fara kumfa. Ka tsima a digiri 18 zuwa 20, ƙamshin 'ya'yan itacen da yis ɗin ke bayarwa shi ke rufe kaushin Pride su zauna lafiya.

Laga kuma ya danganta da wacce kake nufi. In irin ta Jamus ce ko filsna, wadda ita ma nau'in laga ce, Magnum a farko hof ɗin Saaz ko Hallertau a ƙarshe, Pride bashi da hurumi a nan ko kaɗan, laga bata da inda abu zai ɓuya, duk wani ɗanɗanon ƙasa zai fito tsirara. In kuma irin ta mashayar unguwa kake so wadda ake sha da sanyi ƙarara bayan an tashi aiki, ɗauki Super Pride ka tsaya a IBU 18 zuwa 20.

Na ga 'yan uwa biyu daga Jos sun ce suma suna son a aiko musu da hof. Hof baya yi a wajenmu, yana son dogon yinin bazara irin na ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, don haka duk wanda zai iso hannunku ya sha hanya ya sha zafi, ga wuta da ba tabbas balle firiza ta riƙe sanyi. Ku Magnum ya fi muku, a fakitin ƙarfe-ƙarfe da aka zuƙe wa iska, ƙanana na giram 50 ko 100 yadda in an buɗe za'a ƙarar a dafawa biyu.