Farantin S235 ko S355MC: wanne ya fi jure lanƙwasa?

Malam, ka ce kana lanƙwasa faranti mai kaurin milimita 6 don maƙalan bodin tifa, da ka kai digiri 90 sai bayan gwiwar ya dare, kana tambaya ko ka bar farantin da aka saba da shi ka nemi S355MC. To bari in ajiye maka su gefe da gefe.

Wanda aka saba da shi, S235JR ke nan a lambar Turai, ɗan'uwansa na Amurka kuma A36. Yana da taushi, yana karɓar walda ba gardama, ga sauƙin kuɗi, kuma ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka ba za ka sha wahalar nemansa ba. Amma yana son gwiwa mai faɗi. A kauri 6, ka ba cikin gwiwar zagaye mai radiyos (wato rabin faɗin da'ira) na milimita 8 idan ka gitta hanyar da injin masana'anta ya murza farantin, 10 idan ka bi ta.

S355MC kuwa don lanƙwasa a sanyi aka yi shi. Harufan MC ɗin nan su ne maganar: an murza shi da zafin da aka auna, gawayin cikinsa kaɗan ne, ƙwayarsa ƙanana. Ya fi S235 ƙarfi da kusan rabi, duk da haka a kauri 6 yana ɗaukar gwiwar milimita 3 bai ce uffan ba. Aibinsa tsada da wuyar samu, sau da yawa sai an aika Legas. Yana kuma ɗan miƙewa in an sake shi, sai ka zarce kusurwar kaɗan. Kada ka yarda a miƙo maka S355JR a ce ai duk ɗaya ne. Shi S355JR ya fi S235 ma son gwiwa mai faɗi. Hardox kuwa, farantin nan mai tauri da masu tifa ke yabo, na shimfiɗar bodi ne inda dutse ke gurza, gwiwarsa sai ta kai kaurinsa sau uku zuwa huɗu.

Sai dai ni a ganina, kafin ka zargi farantin, duba hannunka. Ɗauki guda ɗaya da ya dare ka kalli inda tsagar ta faro. In daga baki ta taso, yankan ne: wutar gas tana ƙona gefen ya yi tauri, almakashin inji kuma yana barin kaifi mai ƙananan tsaga. Goge bakin ya yi sumul, ka juya ɓangaren kaifin ya kalli cikin gwiwa. In kuwa tsagar ta miƙe ɗoɗar a tsakiya, ko dai ka bi hanyar murza, ko bakin injinka ya cika tsini. Faɗin ramin ƙasa na injin, inda ake danna farantin, ya kamata ya kai kaurin sau takwas, wato milimita 48 zuwa 50.

Masu ɗan gasa ƙarfen da wuta ya yi shuɗi kafin su danna, sun fi kowa jawo wa kansu. A zafin wajen digiri 200 zuwa 300 na Celsius ne ƙarfe ya fi gautsi. Ko a kai shi ja, a bar shi ya huce da kansa ba ruwa, ko a bar shi a sanyinsa. S355MC da Hardox ma ba sa son wutar sam, tana cinye ƙarfinsu.

Wajen saye, nemi takardar masana'anta, ka gwada lambar narkin (wato lambar rukunin ƙarfen da aka narka tare) da ke kanta da wadda aka buga a jikin farantin. Na taɓa sayen wani ba lamba, mai shi ya rantse mini taushi ne, dannawar farko ya ce ƙas kamar tangaran. Tun daga nan nake sa a yanko mini ɓalli biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a gicce, in lanƙwasa kafin in biya.

Don maƙalan tifarka, in injinka zai ba da gwiwar 8 zuwa 10, tsaya a S235 mai takarda. In zanen ya tilasta gwiwa matsattsa, aika a kawo S355MC.