Ma'aunin zafi mai batir: yadda ya yi mana a ɗakin gwaji

A farkon zangon da ya wuce na sayo wa ɗalibaina ma'aunin zafi guda shida, irin mai batir ɗin nan da ke da tsinken ƙarfe da ɗan allo mai nuna lamba. Gajiya da na gilashi masu zaiba ce ta kai ni: yau wannan ya fashe, gobe yaro ya karkata kai ya karanto 47 inda abokinsa ya ga 49.

Kafin in miƙa wa kowa, sai da na tsoma su duka a ƙanƙara da ta fara narkewa, inda ya kamata su nuna digiri 0 a ma'aunin Celsius. Biyar sun yi daidai, ɗaya ya haura da kusan digiri ɗaya, na manna masa takarda don a riƙa ragewa. Da muka tafasa ruwa kuwa, sai lamba ta tsaya wajen 96, wata yarinya ta ce, "Malam, wannan ai ya lalace." Lafiyarsa ƙalau. Muna Jos ne, kimanin mita 1,200 sama da teku, inda nauyin iska kan ruwa ya ragu, don haka yake tafasa da wuri. Digiri 100 na littafi na irin su Legas ne da ke bakin teku. Na ji daɗin wannan rana ƙwarai, domin da idonsu suka gani.

Inda ya fi yi min amfani shi ne gwajin ɗumama ruwa gram 100 da fitilar sipirit na minti uku. Kowane rukuni ya kawo sakamakonsa daban, kuma a wannan karon ba halin ɗora wa ma'auni laifi. Sai muka bi sawu. Waɗanda ke bakin taga iskar hunturu na kaɗa musu harshen wuta. Wasu tsinkensu na taɓa gindin kwalbar gwajin, wato zafin gilashi suke aunawa. Wasu ba sa motsa ruwan, wasu kuma lagwaninsu ya fi na kowa tsawo. Muka daidaita tsawon lagwani da tazarar wuta, muka kare iska da kwali nesa da harshen, kowa ya ɗebo ruwa daga bokiti ɗaya, aka maimaita sau uku aka ɗauki matsakaici. Nan ne lambobin suka matso kusa da juna, har lissafin ya zauna musu: gram ɗaya na ruwa na buƙatar jul 4.2 (jul shi ne awon makamashi, kamar na zafi) kafin ya ƙaru da digiri ɗaya, don haka gram 100 da ya ƙaru da digiri 20 ya sha jul 8,400.

Yana da aibinsa. Yakan kashe kansa bayan 'yan mintuna ana tsakiyar aiki, kansa na roba ba ya son tururi, ƙaramin batirinsa kuma sai an sha yawo a kasuwa. Ban ajiye na gilashin ba, tunda yaro na iya tarar da shi a jarrabawar aiki ta WAEC, dole idonsa ya saba. Amma zango mai zuwa, in Allah ya yarda, zan ƙaro huɗu don kada rukuni ya wuce mutum biyar.