Kwalbar da Na Ɓoye Ƙarƙashin Sallaya

A wata na huɗu da zuwana Jamus, ranar wata Talata da safe, muna zaune a taron mako na rukunin bincikenmu sai matar da ke kula da kiyaye haɗari a sashen ta shigo riƙe da takarda, ta nemi izinin farfesa, ta ce akwai kwalbar sinadari da rajista ta nuna tana cikin kabad na uku, amma ta duba ba ta gan ta ba. Ta karanto lambar kwalbar, ta faɗi ranar da aka kawo ta da sunan wanda ya yi odarta, sunan kuwa nawa ne. Kowa a ɗakin ya juyo yana kallona, ni kuma na san sarai inda kwalbar take, domin da hannuna na naɗe ta a leda na tura ta can ƙuryar lokar da nake ajiye kayana, ƙarƙashin sallayata, kusa da robar yajin da mahaifiyata ta daka mini. Haka na tashi, matar tana biye da ni, na buɗe lokar, na ɗaga sallaya, na miƙa mata. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta yi mini faɗa da abin ya fi zo mini da sauƙi. Ta tunatar da ni cewa sinadarin yana cin fata, yana kuma iya makantar da mutum idan ya fantsama a ido, sannan ta tambayi dalilin da ya sa na haɗa shi da abinci. Na ce ina tsoron kada wani ya ɗiba ya ƙare kafin in gama aikina. Ta dube ni duban wadda ba ta gane inda maganar ta dosa ba, ta ce: "Idan ya ƙare ai sai a yi odar wani, jibi zai iso."

Na yi kusan mako uku ina sunkuyar da kai idan na haɗu da ita a baranda. Kunyar ta wuce daga baya, amma wannan "jibi" ta ƙi barin kaina, kuma ita ce ta sa na zauna rubuto muku wannan.

Aikina a kan katalis ne, wato abin da ake sa wa sinadarai domin ya gaggauta haɗuwarsu ko rabuwarsu. Ku ɗauke shi kamar kanwa a tukunyar wake, sai dai ita kanwa narkewa take yi ta bi romo, shi kuwa katalis ana kwashe shi a sake aiki da shi. Irin wanda nake yi sunansa ziyolait. A ido farin gari ne kawai kamar alli, amma cikinsa cike yake da ƙofofi da lunguna masu girma ɗaya, ƙanana ƙwarai, har faɗin ƙofa ɗaya bai kai nanomita guda ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, saboda haka yana tace ƙwayoyin sinadari kamar rariya, wasu su shige wasu su tsaya. Wani masanin ma'adinai ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, shi ya raɗa masa suna a 1756 da kalmomin Girkanci masu ma'anar "dutse mai tafasa", saboda ya ga yana fitar da tururi idan aka gasa shi. Tun farkon shekarun 1960 da nau'in ziyolait ake fasa kakkauran mai a matatu a fitar da fetur, kuma shi ne ke cikin na'urorin nan da ke tace iskar oksijin a gefen gadon majiyyaci, waɗanda aka yi ta nema ido rufe lokacin korona. Nau'in da ake kira ZSM-5, wanda kamfanin Mobil ya samu haƙƙin mallakarsa a 1972, shi nake haɗawa, kuma ana gina shi ne a jikin wani sinadari da muke kira templet, sannan a ƙone templet ɗin a zafi wajen digiri 550 ya bar ramuka a baya, kamar yadda masu zubin tagulla ke narkar da kaki su bar gurbinsa a cikin yumɓu. To, kwalbar templet ɗin nan ce na ɓoye.

Ba sai na ba ku labarin wuta ba, kuma ba sai na gaya muku yadda naira ta yi ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda waɗannan abubuwa ke sauya halin mai bincike. Lokacin da nake digiri na biyu a gida na haɗa kuɗi na ba wani dillalin sinadarai, na jira wata huɗu, da kwalbar ta iso sai na tarar an goge ranar lalacewarta, murfin kuma ba shi da hatimi. Na yi aiki da ita a haka domin babu wata. Tukunyar ƙarfen da ake dafa haɗin a ciki tana bukatar zafi wajen digiri 170 na kwana biyu ko uku ba yankewa, saboda haka nakan kwana a lab da jarkar man janareto da na saya da kuɗina. Idan abin da ya fito bai yi kyau ba, babu yadda zan san mai laifi, ko sinadarin ne gurɓatacce, ko zafin ne ya sauka da tsakar dare, ko kuwa lissafina ne ya kauce. Duk wanda ya tashi a haka dole ya koyi ɓoyo. Kowane ɗalibi yana da lungunsa, kowane malami yana da kabad mai kwaɗo, har takardar tacewa ƙirga ta ake yi. Wannan halin na ɗauko na tsallako da shi teku ba tare da na san yana cikin kayana ba.

A nan idan na shigar da oda a kwamfuta ranar Litinin, sau da yawa ranar Laraba kwalin yana ƙasa yana jirana, kwalbar da hatiminta, da lambar rukunin da aka haɗa ta a ciki, kuma da wannan lamba zan iya sauko da takardar da ta nuna abin da aka auna aka samu a cikinta. Saurin ya burge ni da farko, amma da na daɗe sai na gane cewa takardar nan ta fi saurin muhimmanci nesa ba kusa ba. Idan gwaji ya lalace a nan, ba na zargin kwalba, kaina nake tuhuma, kuma a wata shida na gano kurakuran da na shekara biyu ina yi a gida ina ɗora wa wuta laifinsu. Wannan ya yi mini ciwo fiye da abin da ya faru a gaban loka.

Sai kuma maganar naitirojin. Domin a san yawan filin da ke cikin ramukan ziyolait, ana sanyaya shi da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a auna yawan iskar da ya shanye, hanyar da Brunauer da Emmett da Teller suka fitar a 1938. Ziyolait mai kyau, giram ɗaya tak, yana iya ɗauke da filin da ya kai ɗaruruwan murabba'in mita a cikinsa. A gida na san na'urar wannan awo, na gan ta da idona, sabuwa fil, an lulluɓe ta da leda, an yi bikin buɗe ta da jawabai, amma ba a taɓa ware kuɗin ruwan naitirojin ba, makullin ɗakin kuma yana aljihun mutum ɗaya wanda kullum ya yi tafiya. Ƙarshenta sai da na aika samfurina wata ƙasa ta hannun wani ɗan'uwa, na biya da dala. A nan akwai tanki a bayan gini wanda mota ke zuwa ta cika, kowa ya je da tulunsa ya ɗiba kamar famfon unguwa, na'urar da muke aiki da ita kuwa ta girmi wadda na baro a leda da shekaru masu yawa. Mu mun iya sayen doki, dusa ce ba ma so a yi mana maganarta, domin ba a yanka ƙyalle a kan dusa, ba a kuma ɗaukar hoto da ita.

Mutumin da ya fi ba ni mamaki a ginin nan ba farfesa ba ne, wani dattijo ne mai hura gilas a ɗakin ƙasa. Na kai masa zanen bututun da nake so, ya duba ya ce wannan lanƙwasar za ta tsage idan ta ji zafi, ya gyara zanen da fensir, bayan kwana huɗu ya miƙo mini abin da ya fi wanda na zana. Sana'ar tasa shekara uku ake koyonta da jarrabawa da takardar shaida, masu aikin lab kuma shekara uku da rabi, kuma na ga farfesa ya tsaya a ƙofar dattijon nan yana jira ya gama abin da yake yi. Sai na tuna Malam, ma'aikacin lab ɗinmu na gida, wanda da waya da filaya ya raya tanderun da ya isa a jefar, wanda kuma ɗalibai ke aika sayen ruwan leda, sunansa bai taɓa shiga godiyar kundin kowa ba, har da nawa. Kowa a wurinmu so yake a kira shi Dakta, babu mai son ɗansa ya zama wanda zai sa aikin Daktan ya yiwu.

Kada ku ɗauka aljanna nake ba ku labari. Ranar da injin juya ruwa na teburina ya tsaya, na kwance bayansa na ga waya ɗaya ce ta saki, aikin da yaron mai gyaran rediyo a Sabon Gari zai gama kafin shayinka ya huce. Aka hana ni taɓawa, aka ce sai mai lasisin lantarki, aka manna masa jar takarda, na cike fom, bayan mako biyar aka ce gyaran ya fi sabo tsada, aka jefar. Na tsaya a gaban kwandon da ake tara irin waɗannan kaya ina lissafin lab nawa zai tayar a gida, raina yana ƙuna. Da 'yan Panteka ta Kaduna za su ga kwandon nan da sun ce mutanen nan ba su san ciwon dukiya ba. Ƙasar da ke kawo maka sinadari a kwana biyu ita ce kuma za ta sa ka jira makonni kafin ka ga likitan fata, ta aiko maka da kowace magana a ambulan ta gidan waya, ta rufe kantuna ranar Lahadi ko da gishiri ne ya yanke maka. Babu mai kanti da zai ce ka tafi da kaya ka kawo kuɗi gobe, babu wanda zai tambaye ka mutanen gida kafin ya miƙo maka rasit. Akwai yammacin da nake fitowa daga lab ƙarfe biyar, gari ya riga ya yi duhu, sanyi yana ratsa safar hannu, in ji da ma a ce hayaniyar janareto ce da ƙamshin tsire a bakin ƙofar makaranta, da Malam yana ce mini, "Ɗana, je ka ci abinci, zan duba maka tukunyar."

Duk da haka idan na dawo kan kwalbar sai in rasa bakin kare kanmu, musamman da yake ƙasar da ake wannan aiki da ita tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Farar ƙasar Ƙanƙara a jihar Katsina da ta Alkaleri a jihar Bauchi kawolin ce, ma'adinin da ke ɗauke da silika da alumina, su ne kuma ginshiƙan ziyolait. Idan aka gasa ta a zafi sama da digiri 600 sai ta saki jiki, a dafa ta da soda, a ƙara silika idan nau'in Y, wanda matatun mai ke aiki da shi, ake nema. Kamfanin Engelhard na Amurka, wanda kamfanin BASF na nan Jamus ya saya a 2006, ya daɗe yana gina katalis ɗin matatu daga kawolin ɗin jihar Jojiya. Masu bincike a Zariya, inda ban samu rabon yin karatu ba, sun yi shekaru suna haɗa ziyolait daga ƙasar Ƙanƙara, sun kuma wallafa sakamakonsu, saboda haka ba basira muka rasa ba. Amma tsakanin giram goma a lab da tan ɗaya a masana'anta akwai gwaji ɗari da dole kowanne ya fito daidai da na jiya, wannan kuwa ba ya yiwuwa a inda mai bincike bai tabbata da abin da ke cikin kwalbarsa ba. Ga matata a Legas mai ɗaukar ganga 650,000 a rana, katalis ɗin da irin waɗannan matatu ke ci kuwa daga waje ake sayo shi.

Da aka sanar da kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a watan Oktoban 2025, aka ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi saboda wasu ƙannen ziyolait da ake ginawa da ƙarfe da sinadaran kabon, wasu abokaina na gida sun yi ta yaɗa labarin Yaghi, ɗan Falasɗinawa 'yan gudun hijira da aka haifa a Amman, suna cewa talauci ba ya hana komai. Ban yi musu da su ba, na dai tuna musu cewa yana ɗan shekara 15 ya tafi Amurka, kuma duk aikin da ya ba shi kyautar a inda kwalba ke isowa jibi ya yi shi.

Farfesana ya yarda in gwada ƙasar Ƙanƙara a na'urorin nan, na kuma roƙi ƙanena ya samo mini kilo biyu, ya shanya, ya daka, ya tankaɗe. Ya kira ni ya ce ya gama, zai ba wani mai zuwa ya saka mini a jaka, farin gari a leda babu ko rubutu. Na ce ya rufa mini asiri ya dakata. Na je wurin matar nan da ƙafata na tambaye ta takardun da ake bukata kafin a shigo da samfurin ƙasa, ta zauna ta lissafa mini su, ta kuma ware masa gurbi da lamba a kabad na uku tun bai baro Katsina ba. Yau mako bakwai ke nan ina jiran sa hannu ɗaya daga gida.