Na'urorin haske na 100G da muka saya a Jidda: abin da na gani bayan wata huɗu

Ina kula da kayan sadarwa na wani otal a unguwar Aziziyya da ke Makka, kuma kafin aikin Hajjin da ya wuce aka yanke shawarar faɗaɗa layin da ya tashi daga ɗakin sabar da ke ƙasa zuwa hawa na tara, domin da zarar alhazai sun cika ɗakuna tsohon layin 10G (gudun gigabit 10 a daƙiƙa) ba ya ɗaukar nauyin. Muka sayi modul takwas nau'in QSFP28 SR4 a wani shagon kayan sadarwa a Jidda, waɗanda ba kamfanin da ya ƙera siwic ɗinmu (akwatin da ke haɗa layukan sadarwa) ne ya yi su ba, shi ya sa kuɗinsu bai kai rabin na asali ba. Modul shi ne ɗan ƙarfen nan mai tsawon yatsa da ake cusawa a bakin siwic, ya juya siginar lantarki zuwa haske ya tura ta cikin faiba, wato siririn zaren gilashi. SR4 yana raba 100G gida huɗu, kowane gida 25G, da haske mai tsawon zango nanomita 850, kuma a kan nau'in faibar da ake kira OM4 iyakarsa mita 100. Namu layin bai kai haka ba.

Ranar da muka haɗa, siwic ɗin ƙasa ya karanta modul ɗin ba gardama, ya nuna sunansa da lambarsa da zafinsa da ƙarfin hasken da ke shiga a dukkan gidaje huɗun, duk lafiya lau. Amma fitilar bakin ta ƙi kamawa. Na kira shagon, wanda ya ɗauki wayar ya ce ƙura ce a kan faiba. Muka goge kawunan MPO, wato bakin igiyar faiba da ke shiga modul, sau uku, muka sauya igiya, muka yi ta hawa da sauka har la'asar, ba abin da ya canza. Wannan yinin da muka yi asara laifin shagon ne, domin wanda aka gaya wa cewa haske yana isowa daidai bai kamata ya fara da zancen ƙura ba.

Washegari suka turo injiniyansu, Bahaushe haifaffen Jidda, wanda Hausarsa ke gauraye da Larabci kamar ta yawancinmu a nan. Bai ko taɓa faibar ba. Ya zauna a kan kwalin batir, ya buɗe kwamfutarsa, ya tambaye ni: "Malam, me aka taɓa sa wa a wannan bakin kafin yanzu?" Na ce gajeriyar igiyar tagulla ce da ta haɗa siwic biyu a cikin akwati ɗaya. Ya ce, "To, ga matsalarka nan, Malam."

Bayaninsa ya cancanci a tsaya a kansa, domin da yawa daga cikinmu muna ruɗewa a nan. A kan igiyar tagulla, ƙa'idar sadarwa ta IEEE 802.3 ta tanadi cewa ɓangarorin biyu su fara tattaunawa su daidaita gudu, sannan su shiga abin da ake kira horon layi: mai karɓa yana gaya wa mai aikawa ya ƙara nan ya rage can a siffar siginar, har ta riƙa isowa tsaf duk da abin da tagulla ke cinyewa. SR4 kuwa ba ya cikin wannan tsari. Tsakanin siwic da modul ana amfani da saitin da aka riga aka tsayar ne, modul ɗin kuma yana da da'irar CDR wadda ke kamo bugun agogo daga cikin bayanan da kansu ta sake tsara su. Bakin namu an bar shi da saitin tagulla, yana ta sallama yana jiran a amsa, alhali babu mai amsawa. Da injiniyan ya kashe tattaunawar da horon, ya kafe gudun a 100G, sai aka wuce wannan mataki.

Duk da haka layin bai tashi ba, sai da ya hau hawa na tara. Siwic ɗin can na wani kamfani ne daban, kuma ya zo da gyaran kuskure na FEC a kashe, na ƙasa kuma a kunne. Ƙa'idar 802.3bm ta shekarar 2015 da ta kawo SR4 ta wajabta nau'in FEC da ake kira RS-FEC, kuma idan gefe ɗaya yana amfani da shi ɗayan ba ya yi, ba za su taɓa gane shirin bayanan juna ba, komai kyawun hasken. Umarni ɗaya injiniyan ya rubuta ya kunna FEC ɗin, kafin ya ɗago kai fitila ta zama kore.

Su kansu modul ɗin ban same su da wani babban aibu ba. Sun ratsa kwanakin Mina da otal ya cika maƙil ba tare da layi ya faɗi ba, kuma ma'aunin kuskuren da FEC ya kasa gyarawa yana nan a sifili duk lokacin da na duba. Ɗaya daga cikin takwas ɗin ya fi 'yan'uwansa zafi, kodayake bai kusanci digiri 70 da aka ƙayyade masa ba. Da yake na'urar sanyaya iska ta ɗakin kan yi gardama da rani, na mayar da shi cikin na ajiya. Wani kuma siwic ɗin sama ya ƙi karɓarsa saboda lambar kamfani da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, injiniyan ya sake rubuta ta nan take da ƙaramar na'urar da ya zo da ita a jaka, bai karɓi ko riyal ba.

Abin da har yau nake ƙorafi a kansa shi ne babu ko takarda ɗaya a cikin kwalin da ta ambaci FEC ko kashe horon layi. Zan sake sayayya a wurinsu idan za mu haɗa ginin da ke tsallaken titi, inda za mu yi amfani da modul nau'in LR4 mai kai kilomita 10 a kan faibar dogon zango da ake kira single-mode, amma tun a shagon zan ba su sunan siwic ɗin kowane gefe, in kuma nemi a haɗa ni da injiniyan kai tsaye.